Daminar da Muka Yi Karatun Ƙwai

Bana ruwa ya yi mana rowa a farkon damina. Ya sauka sau ɗaya da ƙarfinsa, masu gonaki kusa da gari suka ruga suka zuba iri, sai ya ɗauke ƙafa. Kullum hadari zai haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin har mata su kwashe shanya, kafin magariba iska ta watsa shi. Ina zaune a tsakar gidana a nan Gummi ina fifita da faifai, zufa na bin bayana, sai ga jikata Nafisa ta dawo daga makaranta tana rera abin da aka koya musu. Ta ɗaga takalminta ɗaya ta ce, "This shoe." Ta haɗa biyun ta ce, "These shoes." Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba.

"Kaka, mi niy yi?" ta tambaye ni, idonta ya kawo ruwa.

"Ba ki yi komi ba. Tahi zaure ki yi karatunki."

Yarinya ba ta da laifi. Laifin na wani ne, kuma a makon nan ɗin aka kawo mini labarinsa. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta ce wai wani tsoho, Malam Labbo, wanda ya taɓa koyarwa a ƙauyukan Bukkuyum, ya dawo Gummi wajen ɗansa yana jinyar ƙirji. Ya ji a jikinsa tafiya ta matso, yana bin tsofaffin ɗalibansa gida-gida yana neman yafiya. Ta ce ya tambayi inda Isiya yake. Na ce mata ta faɗa masa ƙofa a buɗe take, ya zo.

Isiya ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da matarsa ta rasu, ɓarayin daji kuma suka kore mu daga tungarmu, a ɗakin ƙofar gidana yake zaune yana kiwon zabbi. Kunnensa na hagu a mace yake murus, na dama kuma sai na kafa bakina a kansa na ɗaga murya kafin ya tsinci abin da nake faɗa. Ba haka aka haife shi ba. A yarintarsa, duk tungarmu babu mai kunnen Isiya.

Tungar tamu tana kusa da Adabka. Shekarar da nake magana ina ɗan tasawa, Isiya kuma yana famfarar haƙora, gaban bakinsa wawulo. Daminar waccan shekara ita ma haka ta fara. Bazara ta yi tsawo, zafi ya kai in ka taka ƙasa da rana sai ka yi tsalle, rijiya ta ja baya har aka ƙara wa guga igiya. Da ruwan farko ya sauka, gari ya fita kwansa da kwarkwatarsa. Baba yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Da yamma shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, muka kama cikin ƙwarya, Inna ta soya mana da gishiri. Kowa ya kwanta da murna.

Gero ya tsiro, ya yi ɗan tsawon yatsa, ruwa ya tsaya. Muna kallo ganyen ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Aka sake shuka da ragowar iri, ita ma rana ta cinye. Maza suka fita bayan gari roƙon ruwa da riguna a juye, tsofaffin mata suka dafa gumbar sadaka da abin da ba su da shi. Shuka ta uku da irin aro aka yi ta, kuma kafin ta kama ƙasa rumbunmu ya ƙare. Ni aka zura ciki da tsintsiya, don Isiya ya yi ƙanƙanta, ni kuma jikina zai iya juyawa a ciki. Abin da na sharo, rabinsa kashin ɓera ne. Baba ya duba ƙwaryar. Da aka gama noman farko ya ɗauki sandarsa ya bi ayarin masu tafiya kudu neman abinci, ya bar wa Inna gona da mu biyu.

Daga nan muka koma cin ganye. Da safe Inna ta aike ni tsinko tafasa da yaɗiya, ta dafa ta matse, ta barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Dusar da muke ba akuya muka karɓe daga bakinta muka riƙa tuƙawa. In iska ta kaɗa da asuba sai mu ruga gindin kaɗanya tsintar ’ya’yan da suka faɗo, mu da awakin gari muna ture juna. Wata Bafulatana da ke rugar bayanmu, ƙawar Inna, takan zo da nono tsala a ƙaramar ƙwarya, ta ajiye ta yi kamar ta manta. Cikinmu ya riƙa kumbura, ƙafafunmu suna sirancewa. Yunwa ba ciwon ciki kaɗai ba ce, har wani jiri take sa wa, ka miƙe tsaye ka ga gari ya yi duhu.

Abin da ya riƙe mu shi ne zabbin Inna. Damina ce lokacin ƙwansu, amma zabuwa ba kaza ba ce da za ta zauna maka a akurki. Daji take shiga, ta sami gindin sabara ko ƙarƙashin ƙaya, ta yi gurbi a ɓoye, sauran su bi ta su zuba a wuri ɗaya. In ba ka riga kare da guza da ’ya’yan maƙwabta ba, ka yi asara. To akwai wani kuka da zabuwa ke yi in ta sauka daga gurbi, daban da kukanta na kullum, kuma ba ta maimaita shi da yawa. Isiya ya san shi. Da hantsi sai ya tsaya a bakin gona, ya rufe ido, ya karkata kai. Ni ban ji komai ba sai kukan kurciya, shi kuwa sai ya miƙa hannu ya ce, "Can, bayan marken can." Mu je mu tarar. Da ludayi muke kwasa, don in ta ji warin hannu ta bar gurbin ke nan, kuma dole a bar mata ɗaya ko biyu ta dawo ta gani.

Inna ba ta bari mu ci ko ɗaya. Takan jera su a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, ranar kasuwa ta kai Adabka a ka, ta dawo da ’yar dawa a ƙullin zane. Wannan dawar ce kunun da ke raba mu da kabari. Inna takan ja kunnen Isiya da wasa ta ce, "Wanga kunne shi na rumbunmu bana."

A wannan shekarar ce aka turo mana Malam Labbo. Makarantar aji biyu ce ta laka, iska ta yaye rabin kwanon ɗaya, muna zama a kan duwatsu. Ba don so aka sa mu ba. An ce wa mai gari ya cika aji, shi kuma ya bi gida-gida, duk gidan da yaro ya yi fashi sai an kira uban gaban dattawa. Malam Labbo saurayi ne dogo daga Anka, mai fararen kaya da agogo, yana tafiya yana ɗage ƙafar wando kada taɓo ya taɓa shi. Ni da Isiya aji ɗaya muke, don a lokacin ba a duba shekaru, in hannunka ya zagaya kai ya taɓa kunne an ɗauke ka.

Wata rana ya ce gobe za mu shiga sabon darasi na Turanci, kuma irin wannan karatun ba ya zama sai ido ya gani. Kowa ya zo da ƙwan zabuwa. Muka zo da su muna murna, mun zata wasa za a yi. Ya ɗora ɗaya a kan tebur, ya tara wasu a gefensa, ya kai ɗaya bakin taga, ya zuba sauran a hularsa can ƙarshen aji.

"Ku saurara. Wanga guda na, kuma kusa shike: this egg. Waɗanga da yawa na: these eggs. Wancan na taga: that egg. Waɗancan na hula: those eggs. In abu ya wuce guda, kalmar nuni ta sake, sunan abun kuma a sa mishi s ga wutsiya. Ku hwaɗi!"

Muka faɗa. Gaskiya ba wani abin wahala ba ne a hankalce, mu ma muna da wannan da waɗannan, wancan da waɗancan. Amma a kunnenmu this da these duk abu ɗaya ne, kuma mu ƙwai ko ɗaya ne ko cike da ƙwarya ƙwai muke ce masa, ba mu saba yi masa wutsiya ba. Aka tashi, Malam ya tattara kayan darasi a kwano, ya rufe da faifai ya wuce da su ɗakinsa.

Mako ya zagayo ya ce ba mu iya ba, a sake kawowa. Na gaba ma haka. Littafin da yake riƙewa yana da shafuka da yawa, na taɓa leƙawa na ga hoton akuya da kofi da jirgi, amma mu ba mu taɓa wuce ƙwai ba. Wata yarinya mai ƙarfin hali, Asabe, ta zo da tsakuwa a hannu ta ce ai su ma ana iya nuna su. Ya zane ta, ya ce darasin duwatsu sai aji huɗu. Muddin zabbi na yi, mu ba mu iya ba. Kowa ya san ranar kasuwa yana ba wani mai keke kwano a rufe. Daga baya na ji masu kare shi suna cewa ai albashinsa ne bai zo ba, shi ma yunwar yake ji. Ina ruwana? Shi yunwarsa da agogo a hannu ta same shi.

Gidajen da ba su da zabbi sukan yi aro. Inna takan ware mana namu tana tsaki, don ba ta son a kira sunan Baba gaban dattawa ba ya gari. Duk ƙwan da ya tafi makaranta, ludayin kunu ne ya fita daga bakinmu, kuma mun san haka.

Sai ruwa ya dawo, ya dawo da fushi. Gero ya miƙe, ciyawa ta riga shi. Aka shiga noma na biyu da gayya, amma gayyar yunwa ce, ba tuwo ba fura, sai kunun kanwa tsararo a masaki. Maza suna noma suna tsayawa suna dafa hauya, mai ganga ma a hankali yake kaɗawa. Da aka zo gonarmu, dawar da Inna ta ɓoye duka ta tafi a kunun gayya. Washegari tukunya ba ta hau wuta ba sai ta dafa ganyen tafasa. A ranar Isiya ya gano wani babban gurbi a cikin ƙaya, muka cika ƙwarya. Kashegari ranar darasi ce, kuma jibi kasuwa.

Da safiyar ranar darasin Inna ta rufe ƙwaryar ta ɗora bisa rataya ta ce, "Yau ko guda ba shi hita gidanga. In ya tambaya ku ce ni nic ce."

Muka tafi hannu rabbana. An yi ruwa da asuba, ajin yana warin jiƙaƙƙiyar laka, duwatsun zama sun yi sanyi. Malam ya bi layi da kwano. Da ya zo kanmu na ce, "Inna tac ce babu." Ya dube ni, ya dubi Isiya, ya ce wanda bai kawo ba ai ya riga ya iya ke nan, Isiya ya fito ya gwada mana. Ya nuna tarin da ke kan tebur.

Isiya ya ce, "Dis eg."

"Guda kag gani? Sake!"

"Dis eg."

"These! These eggs! Ina s ɗin? Sake!"

Yaron da ba shi da haƙoran gaba, ta ina s za ta fito? Ya yi ƙoƙari, iska kawai ta fita, ’yan aji suka yi dariya. Ina ganin dariyar ce ta ƙara tunzura shi, ko kuwa kwanon da bai cika ba. Ya buɗe tafin hannunsa ya ɗauke Isiya da mari a kan kunnen hagu. Ƙarar kamar an fasa gora. Isiya ya faɗi zaune, bai yi kuka ba, ya dai buɗe baki yana kallon rufi. Sai na ga wani siririn jini ya biyo wuyansa ya shiga rigarsa.

Na tashi na kama hannun ƙanena. A bakin ƙofa na juya na ce, "Allah ya isa." Ya biyo ni da bulala ya zuba mini a baya, ban ko waiwaya ba. Shatar tana nan har yau, ban taɓa jin haushinta ba, ita ce shaidata.

Inna ta narka man shanu ta ɗiga masa. Ƙawarta Bafulatana ta kawo wata saiwa aka jiƙa. Kunnen ya kumbura, ya fara zubar da ruwa mai wari, Isiya ya yi ta zazzaɓi yana dafe kai. Asibiti sai Bukkuyum, gulbi kuma ya cika ya raba hanya, ko da ba haka ba da me za a je? Kawunmu ya kai ƙara wajen mai gari. Aka ce a yi haƙuri, malami uba ne, in aka matsa masa ya tafi hukuma za ta ce mu muka kori boko. Malam Labbo bai taka gidanmu ba. Darasin ƙwai ma bai fasa ba.

Da zazzaɓin ya sauka, Isiya ya ce zai koma daji. Na bi shi da ludayi da ƙwarya. Muka tsaya a bakin gona inda muka saba, rana ta ɗan ɗaga, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Ya rufe ido ya karkata kai. Can sai na ga fuskarsa ta washe, ya ji ta. Ya ruga dama, ya tsaya. Ya juyo ya ruga baya. Ya sake tsayawa yana jujjuyawa a wuri ɗaya, hannunsa a miƙe bai san inda zai nuna ba.

"Yaya, ina take? Ina jin ta, amma ko'ina nika jin ta."

Ashe da kunne biyu ake gane inda sauti ya fito. Ni ban sani ba sai ranar. Muka yini muna kutsawa cikin ƙaya, muka dawo da ƙwarya wayam. Da muka gano gurbin bayan kwanaki, ɓawo muka tarar, guza ya riga mu. A hanyar gida Isiya ya zauna a kan kunya ya yi kukan da bai yi ba ranar marin. Ni ban yi kuka ba. A ranar na ɗauki abin da nake riƙe da shi har yau, kuma ban taɓa jin ya yi mini nauyi ba.

Sauran daminar ba na son tuna ta, amma tana zuwa da kanta. Marka ta sauka, ruwa ba dare ba rana, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, rufi yana ɗiga a kan tabarma. Ga gero kore shar ya fi mutum tsawo, ga mu a gindinsa muna jin jiri. Ƙwai ya yanke, sai Inna ta fara kama zabbin da kansu tana kaiwa kasuwa, ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da kowa ke sayarwa babu mai saye. Ranar da ta kai ta ƙarshe, ta dawo ta zauna a bakin murhu ta ɗaure cikinta da ɗankwali. Nonon Bafulatana da tafasa su suka kai mu ga tumu. Ranar da muka gasa zangarniyar farko muka murza a tafin hannu, na ci da zafinsa har ya ƙona mini harshe.

Baba ya dawo ana gab da girbi, da rabin buhu a ka da ƙafafu a fashe. Ya kira Isiya daga bayansa, yaro bai juyo ba. Da aka ba shi labari ya ɗauki sandarsa ya nufi makaranta, ya tarar da ɗakin Malam a buɗe, an yi hutu, an kuma mayar da shi wani gari. Isiya bai sake shiga aji ba. Ciwon ya riƙa tashi duk damina, a hankali ya taɓa ɗaya kunnen. Inna ta rayu har ta ga jikoki, amma a ciwonta na ƙarshe, da mata suka taru ana yafe wa juna, ta jawo ni kusa ta ce, "Dije, na yahe ma kowa. Ban da malamin ƙwai."

Yanzu yunwar ta sauya kama. Ruwa na sauka a tungarmu, ƙasa na nan da kyanta, amma ba mai iya zuwa ya noma ta. Su Nafisa a allon bango ake nuna musu hoto, ba mai ce musu su kawo komai. Isiya kuma ya koyi kulle zabbinsa har sai sun yi ƙwai kafin ya sake su, tunda ba zai iya bin su ba.

Malam Labbo ya zo ranar wata Laraba bayan la'asar. Jikansa ya kawo shi a babur, ya rako shi har tsakar gida ya koma zaure. Da ƙyar na gane shi. Dogon nan ya lanƙwashe, rigar ta yi masa yawa, muryar da ke cika aji ta koma raɗa, kowace kalma sai ya ja numfashi. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, kusa da Isiya da ke zaune yana gyaran akurki. Isiya ya ajiye aikinsa, ya miƙa masa hannu biyu yana murmushi. Bai gane shi ba.

"Hadiza," in ji tsohon, "kin gane ni?"

"Ban taɓa mance ka ba, Malam."

Ya juya wajen Isiya ya fara magana. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya faɗi komai. Ya ce ya tuna ranar, ya tuna jinin. Ya ce ƙwan da ya karɓa haram ne, marin kuma zalunci ne, ba shi da hujja. Ya ce shekara da shekaru in ya ɗaga hannun nan zai yi kabbara sai ya tuna. Ya iya magana, ai malami ne. Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Isiya, don girman Allah ka yahe mani kahin in kwanta."

Isiya yana ta kallon bakinsa yana gyaɗa kai don ladabi. Sannan ya juyo gare ni da babbar muryarsa ta wanda ba ya jin kansa.

"Yaya, wa na na baƙonmu? Mi shika cewa?"

Malam ya dube ni. "Hwaɗa mishi, Hadiza. Muryata ba ta kai."

Na san ƙanena. Mutum ne da in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Da ya ji abin da ake roƙo, kafin a rufe baki zai ce ya yafe duniya da lahira, ya ƙara da addu'a. Tsohon nan ya hau babur ya koma gida da zuciya fara, ya mutu cikin barci mai daɗi. Na tuna yaron da ke jujjuyawa a bakin gona da hannu a miƙe. Na tuna ɗankwalin Inna. Na matsa, na kafa bakina a kunnen dama, na ɗaga murya yadda har na zaure zai ji.

"Baƙo na daga Anka! Shina tambaya ko zabbinka sun hwara ƙwai!"

Isiya ya washe baki. "Sun hwara! Wallahi sun hwara!" Ya tashi da sauri ya nufi ɗakinsa.

Malam ya buɗe baki ya yunƙura zai kira shi, tari ya sarƙe shi, ya dafe ƙirji har sai da ya kifa. Da ya lafa, ya laluba aljihu ya fito da biro.

"Mayar da abinka," na ce. "Bai iya karatu ba. Ka san ranad da yab bar aji."

"Hadiza, ki ji tsoron Allah."

"Shi nika jira, Malam. Can za mu taru, da kai, da ni, da Inna, da kunnen. In ya so ya yahe maka can, inda shika ji."

Isiya ya dawo da ƙwarya cike da ƙwai a cikin ƙaiƙayi, ya durƙusa ya ajiye a gaban tsohon. "Na yau na, Baba, ko guda ba dameji. A dahwa maka, suna ƙara ƙarhi."

Malam Labbo ya zuba wa ƙwaryar ido. Ya janye hannayensa ya ɓoye su cikin riga. Isiya ya ƙara tura masa ita, ya ɗauka kunya ce.

Na ce, "Ɗauka mana, Malam. Ai ka saba."

Jikan ne ya shigo ya ɗaga shi. Isiya ya bi su har ƙofa da ƙwaryar, ya ɗora wa tsohon a cinya bayan ya hau babur, ya kama hannayensa ya riƙa masa ita da kyau kada ta zube. Ya tsaya yana ɗaga musu hannu har suka sha kwana. Da ya dawo, fuskarsa da damuwa.

"Yaya, tsohon ga kuka shikai. Mi munka yi mishi?"

Na sunkuya a kunnensa na ce, "Hayaƙi na!"

Ya dubi murhu, ko wuta ba a hura ba. Ya dube ni, ya koma ga akurkinsa. Ni kuwa na tashi na hura ta, na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, na ci har na ƙara.